Corbin da Tabarmar Bakin Teku

Duk wanda ya yi karatu a makarantarmu ta yammacin Sydney bai san Corbin Ashby ba, to ya yi asarar shekara shida. Wasu an ba su baiwar lissafi, wasu gudu, shi kuwa Corbin ido aka ba shi. Kallo ɗaya zai yi maka daga hula zuwa takalmi ya gaya maka ko kai wane ne, sana'ar ubanka, da inda za ka ƙare a rayuwa. Bai taɓa tambayar mutum komai ba. Me zai tambaya, bayan safarka ta riga ta ba shi labari? Shi ya sa muka naɗa shi Mai Shari'a, ya kuwa karɓi sarautar hannu bibbiyu, don a zatonsa yabo ne.

Abin da ya ƙara wa aikin daraja shi ne dukkanmu yunifom iri ɗaya muke sawa, riga shuɗiya da wando ruwan toka. Ƙaramin masani sai ya ce ai babu abin rarrabewa. Ba Corbin ba. Mai naɗe hannun riga sau biyu, a wurinsa, ɗan tasha ne mai jiran takardar kora. Mai jan safa har gwiwa ɗan gaban goshin malamai ne. Wanda ya sa hular nan mai faɗin baki da aka wajabta saboda rana, kuma ya ɗaure igiyarta a haɓa, wannan ya yafe aure. Ni kuwa da ire-irena masu sa rigunan yayyenmu, ya kira mu 'Yan Gado. Shekara uku ina amsa sunan nan, kuma ba zan ɓoye ba, yana min ciwo.

Lokacin tara yakan zauna kan benci ƙarƙashin itacen turare, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya yi mana huɗuba kyauta.

"Ku ba ku gane ba," in ji shi. "Tufa magana ce. Ni na iya yaren, ku kuwa kurame ne. Ba laifinku ba ne, ba kowa aka haifa da shi ba."

To, a makarantarmu akwai al'ada. In an shiga ajin ƙarshe ana buga wa kowa jesi da laƙabi a baya, ya yi ta sawa shekara guda cur. Amma ba kai za ka zaɓi laƙabin ba, 'yan aji ne za su kaɗa maka ƙuri'a. Corbin ya daɗe da sanin abin da ya cancanta: Sarkin Ado. Tun yana ɗan aji ɗaya yake gwada rubuta shi a bayan littafi. An sa ranar zaɓe Juma'ar farko bayan hutu, ta kuma faɗo daidai da ranar zuwa da kayan gida, wadda ake yi sau ɗaya a zango. Matsalarsa guda ce: kashi ɗaya cikin uku na ajinmu 'ya'yan tsibirai ne, Tonga da Samoa, kuma babu ɗayansu da bai taɓa yanke wa hukunci ba.

Ranar Litinin muka dawo. Sai ga Lesieli Fonua da 'yan'uwanta, su goma sha ɗaya, cikin baƙaƙen kaya daga sama har ƙasa, kowa ya ɗaura tabarmar nan ta mutanen Tonga, ta'ovala, a ƙugu. A taron safe shugabar makaranta ta yi bayani: mahaifin Lesieli, Viliami, direban bas ɗin da yake kai rabinmu makaranta tun muna ƙanana, ya rasu cikin hutu, an kuma ba iyalinsa izinin zuwa da kayan makoki. Mutum ɗari takwas suka ji. Mai Shari'a bai ji ba, yana can yana nazarin takalmin shugabar.

Da tara ya yanke hukuncin farko.

"Masu sauraron kiɗan baƙin ciki ne. Na san irinsu. Kwana biyu zai wuce."

Ya waiga ya ga babu wanda ya yi dariya, sai ya ɗauka hukuncin ne ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwarmu.

Amma ido ba ya ƙarya, kuma zuwa Talata idon ya fara ganin abin da ya tayar masa da hankali. Semisi, kyaftin ɗin ƙungiyar ƙwallon zari-ruga, wanda ko malamai ke kauce masa a hanya, shi ma da tabarma. Malamai suna tsayawa su dafa kafaɗar masu baƙaƙen kayan. Ana matsa musu a layin abinci. Sannan ya gano babban sirrin, wanda sai mai baiwa: tabarmar Lesieli ta fi ta kowa girma, ta fi ta kowa tsufa da yagewa, ta haura har ƙirjinta, kuma ita aka fi rungumewa. Kowane ɗan aji ɗaya zai iya gaya masa cewa haka 'yar mamaci take sawa. Sai dai hakan na bukatar tambaya.

"Sabon yayi ne," ya sanar ranar Laraba, yana hura hanci. "Ni tun bara na hango zuwansa. Ka'idar ita ce, iya yagewarta iya matsayinka. Ku dai ku zuba ido ranar Juma'a."

Ni ina wurin. Kalma uku sun isa in cece shi. Na buɗe baki, sai na tuna da 'Yan Gado, na sa burodina a ciki.

Ya ɗauko tabarmar da mamarsa ke shimfiɗawa a bakin teku. Ya ɗaura ta a bayan keke ya zaga unguwa yana jan ta a ƙasa. Da ya ga ba ta kai matsayin da ya dace da shi ba, ya ba karensu ita na yini guda.

Juma'a da safe motar babansa ta tsaya a bakin ƙofa, Mai Shari'a ya fito cikin baƙaƙen kaya, tabarma tun daga hammata har idon sawu, an ɗaure da igiyar shanya. Ya sa baƙin tabarau. Yana tafe a hankali, don a samu damar kallo, aka kuwa kalla. Filin makaranta ya yi tsit, shi kuma ya ɗauki shirun a matsayin girmamawa.

Anti Lupe mai sayar da abinci, ƙanwar marigayi Viliami, tana fitowa da tire ta gan shi. Ta ajiye tiren a ƙasa, ta taho da gudu ta rungume shi tana kuka.

"Wayyo ɗana! Kai ma? Yaushe babanka ya tafi? Ba wanda ya gaya mana!"

Kafin ya buɗe baki aka danna hon. Babansa, jajir da ƙoshin lafiya, ya zuro kai ta tagar mota yana ɗaga kwanon abinci.

"Corbin! Ka manta abincinka, sarkin shiririta!"

Anti Lupe ta dubi mamacin, ta dubi ɗansa, ta sake shi a hankali ta goge idonta da bayan hannu. Babu wanda ya yi dariya, kuma na fi so a ce an yi. Lesieli ta tako har gabansa. Ba ta ɗaga murya ba.

"Tawa kakata ce ta saƙa ta. Ta sa ta ranar da aka binne ubanta, ni na sa ta saboda nawa. Taka fa, wa ya yage ta?"

A karo na farko cikin shekara biyar aka yi wa Mai Shari'a tambaya a kan tufa, ya rasa huɗuba.

"Kare," ya ce, da wata 'yar murya.

Bayan tara aka yi zaɓe. Lesieli muka ba ta sunan mahaifinta, babu ko hannu ɗaya da ya ƙi tashi. Da aka zo kan Corbin, ita ta miƙe ta kawo shawara, ajin ya amince gaba ɗaya, har da masu jan safa da mu 'Yan Gado.

Jesin ta iso bayan wata biyu, an buga MARAYA da manyan haruffa farare. Ya so ya ɓoye ta a ƙarƙashin gado, babansa ya ce bai isa ba. Har ƙarshen shekara, kullum ƙarfe uku, motar nan takan tsaya a bakin ƙofa, mutumin ya zuro kai ta taga ya ƙwala kira yadda duk makaranta za ta ji:

"Maraya! Shigo mu tafi, mamarka na jira!"