Man Riɗin Gwaggo Hawwa

Ba zan taɓa mantawa da daminar da na sayi boksina ba, kuma ko na so mantawa mutanen garinmu ba za su bar ni ba. (Boksi, ga wanda bai saba da bakinmu ba, ita ce motar nan mai buɗaɗɗen baya.) Ni manomin albasa ne a bakin kogi, kusa da Abu Hujar. Na daɗe ina kallon motocin mutane suna kwasar mini kaya zuwa kasuwa, ina biye da su da ido har ƙurarsu ta kwanta. Da albasa ta yi mini kyau, ƙanena da ke aiki a waje ya cika mini, sai na sayo tsohuwar boksi mai dabal, wato wadda ƙafafunta huɗu duk suke ja. Ranar da na shigo da ita gari sai da na zagaya masallaci, na zagaya kasuwa, na sake zagaya masallaci, don akwai waɗanda suke cikin salla a zagayen farko.

Ana cikin haka sai ga bikin Harun, autan Gwaggo Hawwa, yayar mahaifina. Yarinyar da zai aura 'yar wani ƙauye ce can bayan Hajj Abdalla, tsakiyar gonakin Jazira. Dole a kai shela kafin ɗaurin aure, wato kayan da gidan ango ke kai wa gidan amarya: tufafi da turare, buhunan sukari da fulawa, gawayi, albasa, da man girki. Matsalar ita ce ruwa ya riga ya sauka. Duk wanda ya san baƙar lakar Jazira ya san da zarar ka bar kwalta da damina, sai abin da Allah ya yi. Masu lori biyu aka tuntuɓa, duk suka ƙi.

Ni kuwa ina zaune a tsakar gidan Gwaggo ina shan jabana, wato gahawa. Na ajiye finjalin na ce, "Gwaggo, mi kuka nema wurin baƙi, ga mota cikin gida?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ɗana, kayan ga da nauyi. Kuma mutuncina na za ka ɗauka, ba buhu ba."

"Ki bar mani," na ce mata.

Tun daga ranar na tare a rumfar Usta Bashir, mai walda a kasuwar Abu Hujar. Da fari sifirin kawai na je a ƙara wa ƙafafun baya, don kada motar ta durƙusa in an lafta mata kaya. Wannan kam ya zama dole. Amma da aka ƙara na ga ta ɗaga ƙugu sama tana taƙama, sai na ga tayoyinta sun yi mata ƙanƙanta. Aka sa masu manyan haƙora. Da aka sa su sai rufin ya yi mini fayau, aka ƙera kariya ta ƙarfe tun daga kan direba har bayan bodi. Sai ƙarfen gaba, irin wanda ko sa ka buga shi zai ba ka haƙuri. Sai injin jan waya na hannu da Usta ya tono daga ƙarƙashin tarkace, ya rantse yana iya fid da tarakta daga rami. Muka ɗaga bututun shan iska har saman rufi saboda ƙetare ruwa. Muka ɗaure shebur a gefe, da farantan ƙarfe na shimfiɗa wa taya a cikin laka. Fitilu kuwa ban san me ya sa na sa su da yawa haka ba, tunda da rana za mu yi tafiyar.

Kullum na koma gida da baƙin mai har gwiwar hannu ina ba matata Zainab labarin abin da aka ƙara. Ita kuma tana tuƙa tuwon asida tana cewa, "Tamam, ya yi kyau, maigida. To ina za a sa kayan Gwaggo?"

Usta ma da yake cin kasuwa da ni sai da ya ce, "Ya zol, bawan Allah, in ka ƙara abu guda, motar ga sai ta nemi fasfo."

Abu gudan da na ƙara shi ne jarkoki. Man jaz, wato dizal, yana wuya a gidajen mai a lokacin, don haka na sayi jarkokin ƙarfe sababbi fil guda biyu, Usta ya yi musu mazauni, ɗaya a kowane gefen bodi. Na shafa musu koren fenti daidai da na motar. Sai ka ga yadda suka zauna, kamar 'yan biyu a hoton salla. Na cika ɗaya da jaz, ɗayar kuma mai ya ƙare kafin a zo kanta, ta zauna wayam.

Ranar lodi Gwaggo ta fito da abin da ta fi ji da shi a duk shelar. Man riɗi ne daga gonarta, ita ta shuka, ita ta sa aka yanka, ta kai wurin masu matsa da raƙumi ta zauna a kansu har suka gama. Tun ana neman auren take aika wa uwar amarya saƙo cewa za su ɗanɗani mai, ba ruwan kwalba na kanti ba. Sai dai a cikin wata tsohuwar jarkar roba yake, ruwan ɗorawa, ta lotse a gefe, an toshe bakinta da leda da tsumma. Na dubi jarkar, na dubi motata, raina ya ƙi. Na lallaba Gwaggo na juye man a sabuwar jarkar da ba a taɓa zuba wa komai ba.

"Ka sa mata alama," in ji Zainab.

"Alama ta ɓata fenti. Dama na ci, hagu na mota. Ko yaro ya riƙe wanga."

Muka tashi da sassafe, Gwaggo da Zainab a gaba tare da ni, sauran 'yan biki za su biyo mu a bas bayan kwana biyu in hanya ta ɗan tsane. Kaya sun yi tsiri a baya, katifu da akwatuna a kan kariya, an rufe da tamfol an ɗaure tamau. Motar ko gezau, sifirin ya riƙe. Mata suka yi guɗa, na danna ham, na kunna fitilun nan duka da rana tsaka. Ina jin daɗin da ban ji irinsa ba ko ranar nawa auren (Zainab ta san da haka, na riga na nemi gafara).

Abu ɗaya ne ya rage mini jin daɗi. Ruwan da ya doke ni ina ɗaure tamfol ya bar ni da mura, hancina ya toshe ƙam. Ku riƙe wannan.

Kan kwalta lafiya lau. Bayan Hajj Abdalla muka sauka, muka bi gefen babbar tur'a, magudanar da ke shayar da gonaki. Nan aka fara wasan da na yi wa shiri. Na sa dabal, motar ta yi gurnani ta shiga laka kamar an haife ta a ciki. Tana zamewa hagu ina dawo da ita, tana watsa caɓi har saman gilashi, Gwaggo ta riƙe carbi da hannu biyu, ni kuwa sai dariya nake. Muka iske wata ƙaramar mota ta nutse har ƙofa, mutanenta sun tsaya jugum. Na sauka da sauri tun ba su roƙe ni ba. Na warware wayar nan, na ɗaura, na murza, sai ga mota ta fito tana ɗigar laka. Direban ya rungume ni. Gwaggo ta leƙo ta taga ta ce masa, "Ɗan ƙanena na." Wallahi a lokacin da an ce in tuƙa har Sakkwato da na tuƙa.

Sai dai laka da nauyi suna shan mai. Allurar mai ta kwanta, ga hadari ya sake haɗowa. Na tsaya, ruwa ya ɓarke, na ce su rufe gilashi. Na zagaya gaban motar, na tsaya ina fuskantarta ina share ruwa daga ido, na ce a raina, hagu na mota. Na miƙa hannuna na hagu. Ban tsaya na tambayi kaina ba ko hagun wanda ke zaune ciki ne ko na wanda ke tsaye a gaba. Na lura man yana zuba a hankali, da kauri, na ce sanyin ruwa ne. Na juye shi tas a tanki.

Motar ta tashi. Ta ɗan yi tari, ta ci gaba. Da ruwa ya tsagaita suka sauke gilashi, Gwaggo ta ɗaga hanci.

"Wa ka suya cikin dajin ga?"

"Ƙauyuka na kusa, Gwaggo."

Muka ƙara tafiya. Ba gida ba bukka, sai dawa da auduga iyakar gani. Ta sake cewa, "Ƙanshin ga na biye da mu. Kuma mai na ƙwarai, kamar nawa."

"Su ma mutanen Jazira sun san mai," na ce, har da ɗan wa'azi a kan kada mutum ya raina na wasu. Zainab ta dube ni ta gefen ido.

Da la'asar muka shiga garin amarya. Ba su zaci mota za ta iso ba, sai gari ya fashe. Guɗa, kiɗa, maza na ɗaga sanduna sama, ni kuma ina tafe a hankali ina ɗaga hannu ta taga. Na ga mutane suna bin bayan motar suna shaƙar hayaƙi suna kallon juna, na ɗauka sha'awa ce. Aka sauke kaya ɗaya bayan ɗaya ana nunawa, ba abin da ya jiƙe, ba abin da ya fashe. Dattawa suka kewaye motar suna taɓa ƙarfen gaba, ina yi musu bayanin sifiri.

A bayan gida kuwa mata sun riga sun buɗe buhun albasa don abincin baƙi. Sun yanka tuli guda, idanu duk sun yi ja, an zuba a wata tukunya da yaro zai iya wanka a ciki. Uwar amarya, Hajja Amna, mace mai fara'a, ta ce, "To Hajja Hawwa, ina man da munka sha labari?"

Gwaggo ta gyara mayafi ta aiko a kira ni. Da na bar wani ya ɗauka, da abin ya zo da sauƙi, don duk mai hanci zai tsaya tun a murfi. Amma ina, ni ne gwarzon ranar. Na saɓo koriyar jarka a kafaɗa, na ratsa tsakiyar mata, na tsaya a kan tukunya na ce, "Hajja, wanga mai ba a saye nai kasuwa. Ku matsa ku ji ƙanshi." Na buɗe, na tuntsura da ƙarfina.

Matan da suka matso suka ja da baya a tare. Wata ta toshe hanci da gefen tobinta, wato mayafinta. Wata ta janye itacen da ake shirin kunnawa, Allah ya saka mata da alheri. Ni ina ta zubawa ina murmushi, sai da Zainab ta riƙe mini hannu ta ce a hankali, "Maigida, jaz na."

Na duba tukunya. Albasata, ta gonata, tana iyo cikin dizal.

Gwaggo ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga da ya fi mini. Ta ce, "Ɗana, in wanga jaz na, ina man nawa?"

Kaina ne ya juya da kansa wajen ƙofa, inda motar ke tsaye da fitilunta, kowa ya bi ni da kallo. Wata tsohuwa ta ce, "Ashe ita ta ka ƙanshin ƙosai." Hajja Amna ta yi ƙoƙari, na ga ta cije leɓe, amma dariyar ta fi ƙarfinta har ta zauna a kan turmi. Daga nan gidan ya ɗauka. Kafin in kai ƙofa labarin ya riga ni isa wurin maza, dattawan da nake koya wa sifiri ɗazu suna layi a bayan motar, ɗaya ya ce in tayar da ita don bai ji da kyau ba.

Mutanen kirki ne. Kafin magariba kowace mace ta shiga gidanta ta fito da abin da take da shi, wannan kwalbar man gyaɗa, waccan kwanon albasa, aka wanke wata tukunyar aka ɗora. Hajja Amna ta kama hannun Gwaggo ta ce, "Mun shaida man ki na ƙwarai na, tun daga bakin gari munka ji shi." Gwaggo ta yi murmushin dole. Ni kuwa har aka gama biki ba ta ce mini uffan ba, kuma da za a koma bas ta shiga. Washegarin abin na koma Hajj Abdalla na sayo mai mafi tsada a kasuwa, ta dube shi ta ce a ba masu fitila.

Sai da aka yi sabon riɗi muka shirya. Na je na taya ta yanka har bayana ya ƙage, na kai mata wurin matsa da motar. Da aka gama ta cika ƙaramar kwalba ta miƙa wa Zainab, ba ni ba, ta ce, "Ki ɓoye. Gidanku akwai mai sha da yawa."

Motar tana nan, tana aiki, daminar bana ma ita ta fid da masu haƙuri biyu zuwa asibiti. Na sa mata suna mai kyau an rubuta a bayan bodi, ba wanda ya taɓa kiranta da shi. Daga Abu Hujar har Hajj Abdalla, Kasko ake ce mata. Abin da na koya kuwa bai da yawa: in matarka ta ce ka sa alama, ka sa, ko da fenti zai ɓaci. Kuma ranar da hancinka ya toshe, ka rage jawabi a gaban tukunya.