Katangar Mairuwa

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da mutanen Mairuwa suka laƙaba mini suna Katanga, ni kuma don tsabar rashin wayo na amsa.

Lokacin ina ajin ƙarshe a sakandare. Kulob ɗin ƙwallon unguwarmu yana hannun Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, mai faci a bakin titi. Matsayina a kulob ɗin bai wuce ɗan benci ba (bencin ma babu, kan tsofaffin tayoyin Kawu muke zama). Ban iya gudu ba, ban iya yanka ba, in na buga ƙwallo sai na tambayi mutane inda ta nufa. Abu ɗaya Allah ya ba ni: tsawo. Dogo ne ni kamar karan dawa, ga rama.

Da kaka ta kama aka shirya gasar ƙauyuka, muka yi ta lallaɓawa har muka kai wasan ƙarshe da 'yan Daudawa. Ranar wasan da safe kunama ta harbi golanmu a gona, hannu ya kumbura suntum. Kawu ya zo fili ya tsaya yana kallon mu 'yan benci ɗaya bayan ɗaya, irin kallon da mai sayen rago yake yi in kuɗinsa bai kai ba. Daga ƙarshe ya nuna ni.

"Kai, tashi. Shiga gola."

"Kawu, ni fa ban taɓa…"

"Na sani. Ka tsaya a tsakiya kawai ka buɗe hannuwa. Tsawon nan naka ya yi mana amfani ko sau ɗaya ne."

Yanzu zan faɗi yadda wasan ya kasance a zahiri, ba yadda na riƙa ba da labarinsa daga baya ba. Ƙwallon farko da aka auno ni da ita ban gan ta ba sam. Goshina ne ya gan ta. Na ji gau, na ga taurari, na ji fili ya ɗauki ihu. Ta biyu na ga tahowarta sarai, shi ya sa na juya mata baya na runtse ido, ta daki mazaunaina ta fita. Ta uku santsi ne ya kwashe ni, ƙafata ta yi sama ba da izinina ba, ƙwallo ta same ta a can. Akwai wadda ta daki turke ta dawo ta faɗo mini a ƙirji, na rungume ta don ban san abin da zan yi da ita ba. Duk wanda ke bakin fili yana ganin jarumi. Ni kuwa abin da nake karantowa a zuciyata ko a jana'iza iyakarsa ke nan.

Ana dab da tashi, muna da ci ɗaya mai ban haushi, alƙalin wasa ya ba su fenareti. Wanda zai buga wani ƙato ne da ake kira Tirela, an ce bugunsa ya taɓa karya wa wani gola yatsa. Na dube shi, na dubi yatsuna. Na yanke shawara tsakanina da Allah cewa ba zan bari ƙwallon nan ta taɓa ni ba. Na lura jikinsa ya karkata dama, don haka yana ɗaga ƙafa na yi tsalle hagu da dukan ƙarfina, gudun ceton rai. Ashe shi ma hagun ya nufa. Ta same ni a haƙarƙari, numfashina ya ɗauke, aka hura usur ɗin tashi.

Ban farfaɗo sosai ba sai a kafaɗun mutane. "Katanga! Katanga!" har ƙofar gida. Mai shayin unguwarmu ya soya mini ƙwai kyauta. Tsofaffin da ba su taɓa sanin sunana ba suka riƙa miƙo mini hannu.

Da a nan na tsaya, da yau labarin daɗi nake ba ku. Amma kwana biyu ana zuga ni, sai na fara tunanin anya kuwa ba su fi ni gaskiya ba? Wataƙila goshin nan da gangan na sa shi. Wataƙila jikina ya san abin da kaina bai sani ba. Kafin sati ya zagayo tafiyata ta canza, na koma buɗa hannuwa kamar mai ƙurji a hammata. Na sayi safar hannu ta gwanjo a kasuwa, ina sa ta har zuwa sayen ƙosai. A teburin mai shayi kuwa na buɗe makaranta.

"Sirrin gola yana cikin idon mai bugu," nake gaya wa samari, ina kaɗa cokali. "Kar ka kalli ƙwallo. Ƙwallo ba ta da niyya. Ido za ka karanta."

(Ban san inda na samo wannan magana ba. Amma har da masu gyaɗa kai.)

Mutum biyu ne kawai ba su sayi wannan kaya ba. Ta farko ƙanwata Hadiza, wadda ta kalli wasan daga bayan gola. Ina cikin ba Inna labarin yadda na karanta idon Tirela, ta ɗago daga tsintar shinkafa ta ce, "Yaya, to da wane idon ka karanta? Ni dai na ga naka a rufe." Na ce mata yara ba sa sa baki a harkar manya. Na biyu Kawu Sale. Ya kira ni rumfarsa, yana shafa wa tayar babur gam, ko kallona bai yi ba.

"Ɗana, ranar nan sa'a ka taka, mun gode Allah. Amma tsawon nan naka in aka gyara shi zai yi gola. Ka riƙa zuwa da yamma in koya maka tsayuwa da faɗuwa."

Na ce, "Kawu, ita baiwa ba a cika takura mata. Kar a je a ɓata abin da Allah ya riga ya shirya."

Ya ɗago ya dube ni. Sai ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a," ya ci gaba da facinsa. Sai daga baya na gane addu'ar nan ba addu'a ba ce kawai, har da hukunci a ciki.

Ana haka labari ya zo cewa wani koci zai zo daga Katsina ya zaɓi matasan da za su wakilci yankinmu, za a yi gwajin a Kankara. An ce ya ji labarin wani gola a Mairuwa, yana son ya gani da idonsa. Matsalar ita ce ranar ta faɗo tsakiyar girbin masara, kuma Babanmu mutum ne da bai taɓa ɗaukar ƙwallo a bakin komai ba. A wurinsa ƙarti ne ke bin iska a cikin fata. Na shirya roƙo mai tsawo. Ban kai rabi ba ya katse ni.

"An hwaɗa mani a majalisa," ya ce. "Wai duk ƙasar ga babu mai tsare gida kamar ɗana. To masara ta jira. Ni da kaina za ni tahi in gani."

Ya kuwa tafi. Ba shi kaɗai ba: ya gayyato amininsa Alhaji Mamman da wasu dattawa biyu na majalisarsu, suka sha manyan riguna kamar masu zuwa ɗaurin aure. Aka ɗauki shatar a-kori-kura, dattawa a gaba, mu da Kawu da 'yan rakiya a baya, ana ta waƙar Katanga har Kankara. Ni kuwa ina tsaye ina ɗaga wa mutanen ƙauyuka hannu da safata.

Filin Kankara ya fi namu girma nesa ba kusa ba, golan har da raga. Aka raba mu 'yan gwaji gida biyu, aka saka ni a ɗaya. An kawo wa su Baba benci na gaske, aka ajiye musu a gefe kusa da golana. A bayansu wasu yara ƙanana suna ta nasu wasan, ba wanda ya kula su.

Ba a daɗe da farawa ba wani siririn yaro daga Sabuwa ya yanko 'yan bayanmu ya taho. Na ce yau ga ranar ilimi. Na ƙura wa idonsa ido. Ya kalli dama, na tashi sama na yi dama kamar an harbo ni daga gwafa. Ina kwance a ƙasa na waiwayo, sai na ga ashe ko bugawa bai yi ba. Tsayawa ya yi yana kallona cikin mamaki, sannan ya tura ƙwallon cikin raga a hankali, kamar mai jin tausayi.

Na tashi na karkaɗe jiki, na daka wa 'yan bayana tsawa don mutane su san laifin waye. Aka ba su bugun kwana. Na ƙwala ihu, "Tawa ce!" na fito da dunƙulen hannu, na kai naushi da iya ƙarfina. Na samu wani abu mai zagaye kuwa, sai dai kan ɗan bayanmu ne. Shi ya faɗi, ƙwallo ta wuce. Na saci kallon benci. Baba ya gyara zaman hularsa. Alhaji Mamman ya sami wani abu mai ban sha'awa a cikin carbinsa.

Na ce a raina, ya Allah, guda ɗaya tak, guda ɗaya da Baba zai koma majalisa da ita. Aka sake yo kanmu, aka cunkushe a gaban gola, ƙura ta tashi, ƙafafu ko ta ina, rana kuma tana dukan idona. Kwatsam na ga ƙwallo ta taso ta gefen hagu. Jama'a, ban taɓa yin tsalle irin wannan ba, kuma ban sake ba. Na miƙe a iska ɗoɗar, idona biyu a buɗe, na cafke ta da hannu biyu, na faɗo na mirgina. Kamu na gaske, na farko a rayuwata.

Na miƙe na ɗaga ta sama. Na ruga wajen bencin dattawa ina dukan ƙirji da ɗaya hannun, ina ihu, "Baba, ka gani? Katanga! Katanga!" Har sumbatarta na yi.

Sai na lura fili ya yi tsit. Ba irin shirun girmamawa ba. Daga nan wani ya fashe da dariya daga can nesa, ta bi layi kamar wutar daji har ta zagaye filin. Na ji ana jan rigata ta baya. Na duba, wani ɗan yaro ne da majina a hanci, ba ko wando.

"Yaya, ba ni ƙwallona."

Na kalli abin da ke hannuna. Ƙwallon roba ce, koriya shar, ba ta fi gwanda ba, har da faci a gefe. Ta yaran nan ce ta ɓallo cikin fili. Na waiwaya. Ta gaskiyar tana kwance cikin raga abinta. Siririn yaron nan na Sabuwa ya ga gola ya tafi harkar gabansa, ya gangara ta ciki. Alƙalin wasa ya kasa hura usur saboda dariya. Kocin da ya zo daga Katsina ya durƙusa ya dafa gwiwa, kafaɗunsa na rawa. Da ya samu numfashi ya yafito ni, yana share hawaye.

"Gola, wallahi kamun nan ya yi kyau. Saura ka riƙa tambaya wacce ake bugawa."

Ban iya kallon Baba ba, amma na gan shi ta wutsiyar ido. Ya ja hannun babbar rigarsa ya rufe fuska, kuma har yau ban sani ba ko kunya ce ko dariya yake ɓoyewa. Na fi zaton duka biyun.

A hanyar komawa babu waƙa. Na zauna a ƙasan mota na cusa kai tsakanin gwiwoyi. Da muka sauka, Alhaji Mamman, mutumin kirki, ya so ya gyara zance, ya ce, "To, Malam, ai dai yaron ya kama wani abu." Baba ya ce, "Ya kama." Sannan ya juyo gare ni, murya a sanyaye: "Gobe da sassahe ka same ni gona. Masara ba ta motsi, kuma duk wadda ka kama tamu ce."

Sai da na yi kusan wata ina bin lungu kafin na iya bi ta gaban mai shayi. Wata rana da yamma na je rumfar Kawu na tsaya ina sosa ƙeya. Bai tambaye ni komai ba, bai kuma tuna mini maganar baiwa ba (na fi son ya zage ni, wallahi). Ya rufe rumfa, ya kai ni fili, ya fara koya mini yadda ake tsayuwa, daga farko, tare da yara 'yan firamare. Na yi shekaru ina tsare wa unguwarmu gida bayan nan. Ban zama gwani ba, an ci ni da yawa, amma duk wadda na tare na san yadda aka yi na tare ta, kuma wannan ya fi ɗaukar kafaɗa daɗi, ko da yake ba a ba da ƙwai kyauta a kansa.

Abin da na koya shi ne, in sa'a ta ziyarce ka, ka ce alhamdulillahi ka ja bakinka ka tsuke, don baƙuwa ce, ba ta faɗin ranar tafiyarta. Sannan duk abin da ka kama a duniyar nan, kafin ka ɗaga shi sama ka kira mahaifinka ya gani, daure ka fara duba launinsa.