Fitilar Baba da Rana Tsaka

Ranar Laraba da ta wuce, duk wanda ya bi ta titin asibiti da rana tsaka ya ga mutum uku da babur guda: wani dattijo riƙe da kan babur ɗin, wani ƙato mai taye yana turawa ta baya yana haki, sai wata yarinya a bayansu da hular kwano biyu a hannu, kanta a ƙasa. Ni ce yarinyar. Dattijon Babana ne, mai tayen kuma Yayana. Mai ne ya ƙare mana, amma ba mu muka ƙona shi ba. Doka ce ta shanye.

Masu Girma Iyayen Hanya, Allah ya ƙara musu haske, sun zauna a ɗaki mai sanyi suka yanke cewa kowane mai babur ya riƙa kunna fitilarsa da rana. Ba zan zalunce su ba, dokar tana da ma'ana: don mai mota ya hango ka tun daga nesa, kafin ya haɗa ka da kwalta. Sai dai an sanar da ita a talabijin a makon da aka ɗauke mana wuta. Bikin ƙaddamarwa kuwa a filin wasa aka yi shi, rana na bisa kai. Aka kawo manyan janareta da fitilu masu tsada, Mai Girma ya danna maɓalli, aka tafa. Ba wanda ya ga bambanci, don haka aka ƙara tafawa.

A unguwarmu Baba kaɗai ya ji labarin, a 'yar rediyonsa mai batir. Shi kuwa mutum ne da har yau yake tsayawa a danjar da ta mutu tun bara, ya ɗan jira, ya ba ta girmanta, sannan ya wuce. Washegari da zai kai ni ɗakin karatun da nake aiki, ya kunna fitila.

To, kun san halinmu. Babu alherin da ya kai gaya wa mutum ya manta fitilarsa a kunne arha. Ba ka kashe ko sisi, hannu kawai za ka ɗaga ka buɗe ka rufe, ka samu lada. Ba mu kai bakin layi ba mai faci ya miƙe daga kan tayar da yake zaune.

"Baba, ka bar ta a kunne."

"Na gode, Allah ya yi albarka," in ji Baba. Ƙas, ya kashe.

Baba ba ya iya kunyata wanda ya yi masa alheri. Ba ya kuma iya karya doka. Muna shan kwana na ji ƙas, ya kunna. Tela ya leƙo ta tagar shagonsa yana buɗe hannu yana rufewa. Ƙas. Muka wuce shi. Ƙas. Matar mai kanti, direban bas, har wani da ke kan keke ya bi mu da gudu don kada ladan ya wuce shi. Ina zaune a baya ina jin maɓallin nan yana kuka har muka isa.

Da abin ya yi kwanaki, mai faci ya tare mu sosai.

"Baba, yau ma?"

"Doka ce," in ji Baba a hankali. "An ce a kunna da rana."

Mai faci ya ɗaga kai ya dubi rana, ya dubi Baba, sannan ya dube ni da irin kallon da ake yi wa mai jinya.

"Allah ya sawwaƙe," ya ce.

Kafin magariba tela ya aiko matarsa wurin Mama. Wai haka kawunsa ya fara: fitila da rana, daga nan shiga wanka da takalmi, daga nan gaida awaki da sunayensu. Mama ta kira Yaya. Yaya ya zo da tayensa, aka zauna a falo.

Ku da ba ku san Baba ba, babur ɗin nan shi ne ƙafarsa tun da gwiwa ta ƙi shi. Da shi yake zuwa asibiti, da shi yake kai wa tsofaffin abokansa ziyara su yi musun abin da ya wuce, da shi yake kai ni aiki alhali na iya shiga bas. In aka raba su, Baba ya zama kujera ta huɗu a falo.

"Baba, ba don komai ba," in ji Yaya. "Ka huta. Kawo makullin in ajiye."

Na san dokar. Na karanta ta, na ma fahimce ta. Na buɗe baki na ce, "Yaya, ai da gaske ne, an ce..." Amma muryata irin wadda fanka ke dannewa ce, ko da babu wuta.

"Ke Auta, karatu ya yi miki yawa. Wace hukuma ce za ta ce a taya rana aiki?"

Mama ta gyaɗa kai. Baba bai yi musu ba. Ya zaro makullin daga aljihu, ya ɗan shafa shi da babban yatsa, ya ajiye a kan tebur kusa da rediyon, ya tashi ya shiga ɗaki. Ban taɓa jin ƙaramin ƙarfe ya yi nauyi haka ba.

Ana wata ga wata. Motar Yaya tana layin mai, ta kwana biyu a can har ta fara sabawa da maƙwabta. Ranar Laraba ya ga babur a banza, ya ce in hau ya sauke ni. Fitila a kashe, kamar na masu hankali. Mai faci ya ɗaga mana hannu da murna.

A shataletale masu riga mai ƙyalli suka tsayar da mu. Da yake rana ta yi ƙarfi ba a gane fitila da ido, hukuma ta saya musu na'ura daga waje, mai suna Akwatin Tantance Haske. Kwali ne baƙi mai huda ɗaya. Na farko ya kifa shi a kan fitilar, ya durƙusa, ya manna ido.

"Duhu," ya ce.

Na biyu ya karɓa ya leƙa. "Duhu ne, na shaida."

"Yallaɓai," in ji Yaya, "rana ce fa. Dube ta."

"Ba ita muke tuhuma ba. Ita tata a kunne take."

Aka ɗora babur a bayan wata babbar mota da ba ta da fitila ko ɗaya, ramuka biyu ne kawai a gabanta kamar tsohon da ya rasa haƙora. Aka ce sai mai shi ya zo da kansa. Na ga Yaya ya daɗe yana kallon wayarsa kafin ya danna lambar Baba. Kowa ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba, amma ban faɗa ba, a zuci na bar ta.

Baba ya iso a tasi da sandarsa. Tun daga ƙofar harabar da ake tara baburan da aka kama muka ji ruri. Babura ne jere, layi bayan layi, ba kowa a kansu, duk a kunne, hayaƙi ya turnuƙe. Ashe an ce Babban Yallaɓai zai zo duba aiki, kuma bai kamata ya tarar da babur a ƙarƙashin rana ba fitila a gidan doka ba. Fitilar irin waɗannan babura kuwa ba ta kamawa sai inji na aiki. Ga namu can a tsakiya, yana bin doka iya ƙarfinsa da man da Baba ya wuni a layi ya samo. Babban Yallaɓai bai zo ba. Muna tsaye babur ya yi tari sau biyu ya mutu.

Wannan ne ya cece mu, don mataccen babur yana ɓata musu layi. Shugaban harabar ya dubi furfurar Baba, ya zare makullin, ya tsallake hannun Yaya da ke miƙe, ya danƙa wa Baba.

"Baba, ku riƙa lura da yaran nan. Kada ka ƙara ba shi makulli sai ya yi hankali."

Baba ya sa shi a aljihu, ya maɓalle aljihun. Bai dubi Yaya ba sai da muka fito titi.

"Tura a hankali," ya ce, "kada ka ɓata tayenka."

Haka muka taho har bakin layi. Mai faci ya taso, ya zagaya gaban babur, ya ga fitila a kashe, fuskarsa ta washe.

"Alhamdulillahi. Baba ya samu sauƙi."

"Na gode," in ji Baba, "Allah ya yi albarka."

A ƙofar gidanmu akwai fitilar titi, ta hukuma. Kullum da rana take ci, tana ganin magariba sai ta kwanta. Ranar ma tana can sama tana ta fama da rana ita kaɗai. Na duba hagu da dama, na ga ba mai kallona, na ɗaga hannu na buɗe na rufe mata. Ba wanda ya ce ya gode, ba wanda ya kashe.

Tela dai ya ce haka kawunsa ya fara: fitila da rana. Ni dai ba ni da murya, amma in dangin Masu Girma na karanta wannan shafi, ina ganin lokaci ya yi da za a zauna a falo.