Ranar da Na Kashe Maƙwabcina da Baki

Matso ka ji abin kunyata. A Gure, zamanin mulkin mallaka, duk labarin wayar tangaraho daga bakin tafintan kwamanda, Baturen mulki, yake fitowa, amma ban lura ba. Wanzami ya ce maƙwabcina Bukar ya rasu a hanyar Damagaram. Mahauci da mai goro suka tabbatar. Baki uku! Na gaya wa matarsa, har na ƙara cewa ya cika da shahada.

Ashe dukansu wurin tafinta suka ji, kuma wani Bukar ne daban.

Ranar sadakar uku, da rana tsaka, sai ga maƙwabcin nawa tsaye a bakin zaure cikin farar riga. Kowa ya watse. Ya dube ni a hankali: "Maƙwabci, wa ya rasu?"

Har yau matarsa kan ce, "Yau kuma wa ka kashe mana?" In kai ne, me za ka ce mata?