Minti Goma a Tudun Burkusuma

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da wautata ta kusa sa ni da surukina mu kwana daji. Ni dai aji uku na yi a firamare aka koro ni, amma shekara arba'in ina awon gero a kasuwar Sabon Birni, shi ya sa nake ganin babu lissafin da zai gagare ni. Da ɗana ya aiko mini babbar waya kuwa, sai na zama injiniyan unguwa (ni na naɗa kaina).

Lokacin nan ne da layin waya ya ɗauke mana gaba ɗaya. Mai son kira sai ya hau babur zuwa wani tudu wajen Burkusuma, ya kamo layin Nijar. Kowa kuma ya san dokar hanyar: a dawo kafin la'asar, don bayan nan masu bindiga ke da ita.

Alhaji, uban mijin ɗiyata, ya zo da damuwa. An yi wa uwargidansa Hajiya hoton ciki, likita a Sakkwato yana jira a tura masa. An zuba hoton cikin wayata, ta nuna nauyinsa mega ɗari shida. Ni kuma na taɓa gwada layin tudun nan, na ga yana tura mega ɗaya duk daƙiƙa. Na lissafa a ƙasa da tsinke: daƙiƙa ɗari shida, minti goma ke nan.

Alhaji ya ce, "Malam, mu yi sammako dai."

Na ce, "Haba Alhaji, sammakon mi? Bari in tashi kasuwa. Bayan azahar za ni kai ka, minti goma mun gama." (Gaskiyar magana, tuwon rana nake wa.)

Muka isa wajen ƙarfe uku. Mutane cike da tudu, kowa ya ɗaga waya sama. Na danna, na kuma sanar da babbar murya cewa a duba agogo. Minti goma suka cika, abu bai kai ko kwata ba. Minti ashirin, ya lallaɓa kwata. Na girgiza waya, na goge ta da hula, na hau kututture.

Wani mutumin Maradi da ke sayar da layin Nijar a wurin, Isuhu, ya leƙo ya ce, "Baba, ya kuka yi lissafin?" Na faɗa masa da gadara. Ya yi murmushi.

"Ai ma'aunin biyu ne. Gudun layi da megabit ake auna shi, nauyin kaya da megabayit. Awa gwangwani da kwano ne: takwas na wancan ka cika ɗaya na wanga. Minti gomanku ku ninka takwas."

Awa ɗaya da minti ashirin! Ni da nake zagin yaran kasuwa in sun haɗa gwangwani da kwano. Alhaji ya ɗaga kai ya dubi rana kawai. Na fi son da zagina ya yi.

Mutane suka fara sauka ɗaya-ɗaya. Isuhu ya naɗe tabarmarsa ya ce, "Ni kam na tafi, Allah shi kiyaye." Muka yi la'asar da sauri, waya na kan kututture. Tudun da ke cike ya koma daga ni sai Alhaji sai babur. Ko ganye ya motsa sai na waiwaya. Na ce, "Alhaji, ko mu bari sai gobe?" Ya ce, "Matar tana kwance, Malam. Saura kaɗan." Na duba: casa'in da ɗaya cikin ɗari. Casa'in da biyu. Addu'ar da na sani tun ina yaro ta ɓace mini.

Sai muka ji ƙarar babura daga gabas. Ba ɗaya ba, ba biyu ba.

Jama'a, ban san lokacin da na tashi ba. Ni da gwiwa ke hana ni ruku'u sosai, na gangara tudun nan, na tsallake kwazazzabo, na faɗa cikin gonar dawa na kwanta ruf da ciki. Takalmi ɗaya ya tafi, hula ta tafi. Surukina kuwa ko waiwayarsa ban yi ba. Abu ɗaya na riƙe gam: wayar. Ita ce kuma ya kamata in bari, don ina sauka tudu layi ya yanke, hoton ya koma farko.

Masu baburan? Fataken albasa ne suna dawowa daga ƙetare, su ma tsoro ya sa suka haɗa ayari. Su suka taya Alhaji nemana. Ina kwance ina jin ana cewa, "Ku duba can, ga ƙafa nan ta fito."

Cikin ayarinsu muka dawo gida lafiya. Washegari muka yi sammakon da na raina, muka zauna awa ɗaya da minti ashirin cif, hoton ya tafi, likita ya gani, Hajiya ta samu magani. Tun daga ranar, duk wanda ya ce mini mega, sai na tambaye shi: na gwangwani ko na kwano?

Muna kan hanyar dawowa, Alhaji da bai ɗaga maganar ba tun jiya ya ɗan juyo ya ce, "Malam, ashe minti goman nan gaskiya ne. Irin gudun da ka yi jiya, da a hannu muka ba ka hoton, da tuni ka kai shi Sakkwato."