Ranar da Muryata Ta Samu Aiki

Ba zan taɓa mantawa da taron masu rubuta manhajojin waya da aka yi mana a Diffa ba, ko da na so in manta, don har yau akwai masu tuna mini. Matasa sun zo daga Zinder da Yamai, har da wasu daga Maiduguri. An ba ni minti ashirin in yi jawabi, ni kuma na zaɓi taken "Sauraron masu amfani da manhajarka". (Ku riƙe wannan taken, za ku buƙace shi.)

Manhajar tawa ta manoman tattasai ce. Darussa ne na murya: yadda ake rainon iri, lokacin dashe, ban ruwa, maganin ƙwari. Ni na karanta su da bakina, cikin ɗaki, na rufe taga da bargo don kada ƙarar titi ta shiga. Gaskiya ina son muryata. A zauren kuma akwai wata Madam daga wata ƙungiya, wadda za ta yanke ko manhajar za ta shiga porjensu, wato shirinsu na tallafa wa ƙauyukan bakin kogin Komadugu. Wannan nake nema, kusan shekara ina bin sa.

Makamina shi ne wani manomi, Baba Kyari. Ban taɓa ganinsa ba. Abin da na sani, duk lokacin da wayarsa ta samu rezo, wato sabis, kwamfutata tana nuna mini cewa ya kunna darussan tun daga na farko har na ƙarshe, ya sake, ya kuma sakewa. Tun da aka fara tsinkar tattasai bai tsallake rana ɗaya ba. Na ce wa Falmata, abokiyar aikina, ta kira shi ta gayyato shi.

Ta ce, "Ba za mu je mu gan shi a gona tukuna ba?"

Na ce hanya ba kyau, lokaci ya ƙure, kuma ai lambobi ba sa ƙarya. Ta dube ni, ta ɗauki waya.

Ran taron na sa shadda sabuwa. Na yi minti goma sha biyar ina faɗa wa mutane cewa mai rubuta manhaja dole ya san mutanensa, ya zauna da su, ya ci abin da suke ci. Har hannu na ɗora a ƙirji. Sannan na haska musu a allo layin da ke nuna yawan kunna darussan, wanda ke hawa sama kullum, na ce, "Ga mai wannan layin. Baba, bismilla."

Dattijon ya hau a hankali, dogo, rawani fari, wata jaka a rataye. Ya gaida jama'a da Barbarci, ya koma Hausa. Na miƙa masa makirfo, na ce, "Baba, gaya musu amfanin da manhajar nan ta yi maka."

Ya ce, "Amfani kam, ɗana, Allah ya yi maka albarka. Bara awaki sun ɓata mini shanya. Bana ko ɗaya bai zo kusa ba."

Ban gane ba. Na yi murmushi irin na wanda ya gane, na ce, "Wane darasi ne ya fi taimaka maka?"

Ya ce, "Duka ɗaya ne." Ya buɗe jakar, ya fito da wata 'yar lasifika mai caji da hasken rana, igiya ɗaure a jikinta. "Wannan nake ratayewa a sanda, tsakiyar shanyar tattasai. In kunna ka, in tafi ban ruwa. Akuya ta ji mutum yana ta magana, ba ya numfashi, sai ta juya. A da waƙa nake sa musu, sun saba. Kai ba su saba da kai ba."

Kafin in karɓe makirfon, ya danna. Sai ga muryata ta cika zauren: "Assalamu alaikum manoma! Darasi na ɗaya..." Wani ɗan Zinder a gaba ya zame daga kujera. Falmata ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Ni kuwa na ji zufa tana bin bayana har cikin wando. Kunya ce ta gaske, irin wadda ke sa mutum ya manta inda zai sa hannuwansa.

Madam ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Baba, abin da yake faɗa fa, kana saurara?"

Ya ce, "Hajiya, Hausarsa tana da sauri. Kuma ranar da na ɗan tsaya na ji, cewa yake a jira ruwan sama. Mu nan kogi muke jira. Da ya zo ya tambaya, da na gaya masa."

Ba da mugunta ya faɗa ba, shi ya sa maganar ta fi zafi. Ban samu porjen ba.

Bayan sati biyu ni da Falmata muka je gonarsa. Tun daga nesa na jiyo kaina ina wa awaki bayanin taki. Muka wuni, ya gyara mini kusan kowane darasi, na cika littafi. Daga baya muka sake ɗaukar su da Barbarci, da muryar wata 'yar'uwar Falmata mai aiki a rediyo. Manoma suka fara saurara da gaske, har suna kira su yi gardama.

Tun daga ranar ba na gayyatar mutum ya yabe ni a gaban jama'a sai na fara zuwa na ga abin da yake yi da aikina. Baba Kyari kuwa ya yi murna da sababbin darussan, amma ya roƙi alfarma ɗaya: kada a goge masa tsofaffin. Ya ce muryar yarinyar daɗi gare ta, awaki tsayawa suke yi su ji.