Shirun da Ya Taso da Gwaggo daga Saga

Ko na so, ba zan taɓa mantawa da shekarar da na shigo da niyyar rage surutu ba. A unguwarmu ta Lazaret kowa yakan san na dawo daga aiki, don tun daga bakin titi nake fara gaishe-gaishe da ba da labari. A asibitin da nake aikin jinya ma akwai marasa lafiyar da kan rufe ido su yi kamar suna barci idan sun hango ni (na sani, don ina ganin idon yana motsi).

A sujadar sabuwar shekara fasto ya yi wa'azi a kan mutum ya riƙa sauraro kafin ya yi magana, ya kuma sa hankalinsa a kan abin da yake yi. Maganar ta shige ni. Na ce a raina, bari in gwada in gani, wai me ke faruwa a duniya idan na rufe bakina? Ban faɗa wa kowa ba, saboda bara na yi shelar barin sukari, aka kama ni da lemon kwalba tun ba a gama gaisuwar bonane ta sabuwar shekara ba.

Abin mamaki, shirun ya yi mini daɗi. Da safe sai in kashe rediyo, in ajiye salula, in zauna a tsakar gida ina saurare. Ashe maigidana Iliya, wanda malamin lakwal ne, wato makarantar boko, yakan rera waƙar coci ƙasa-ƙasa idan yana aske gemu, shekara da shekaru ban taɓa ji ba. Ashe maƙwabciyarmu Hajiya Hadiza da Zabarmanci take yi wa kajinta faɗa, in za ta lallashe su kuma ta koma Hausa. Na riƙa cin tuwo a hankali ina jin ɗanɗanon kowace loma. Idan Iliya ya yi magana, in dube shi cikin ido, in gyaɗa kai, in ce to. A ganina fuskar natsuwa nake yi. (Daga baya na gwada ta a madubi. Fuskar wadda aka ci wa amana ce.)

Na dai lura mutumin ya soma sauyawa. Ya wanke kwanuka ba a sa shi ba, washegari ya shigo da kilishi. Ya tambaye ni ko kaina ke ciwo, na yi murmushi na girgiza kai. Ni kuwa sai murna nake, ina cewa ashe haka natsuwa ke gyara gida.

Ranar Asabar da hantsi na dawo daga kasuwa, na tarar da takalma a ƙofar falo. Gwaggo Saratu ce, yayar babana, ta baro dashen shinkafarta a Saga ta biyo taksi. Gefenta Hajiya Hadiza, can ƙasa kuma Iliya ya durƙusa kai a sunkuye.

Bayan gaisuwa Gwaggo ta ce mijina ne ya buga mata waya, wai na daina magana, shi kuma abinci ma ba ya wuce masa. Hajiya ta ƙara da nata, ta ce ta sha leƙo ni ina zaune ina kallon katanga, har ta jiƙa mini magani.

"Ɗiyata," in ji Gwaggo, "faɗi abin da ya yi miki. Ba mu tashi sai an gyara."

Kafin in buɗe baki (sabon hali, sai na saurara tukuna) Iliya ya riga ni. Ya ce in dai zanen Kirsimeti ne, shi ya ƙona shi wajen guga, yana nan ƙarƙashin katifa, a yafe masa. Na zaro ido. Da ya ga haka sai ya ɗauka ba wannan ba ne, ya ƙara da cewa miyar da ya gaya wa abokinsa ta yi gishiri, da wasa ya faɗa. Allah ya sani, na so in ƙara yin shiru in ji iyakar abin. Amma na dubi ƙafafun Gwaggo da sauran lakar gona a kansu, kunya ta rufe ni.

"Gwaggo, ba abin da ya yi mini," na ce, murya kamar ta sauro. "Niyyar sabuwar shekara ce. Sauraron kaina nake yi."

Hajiya ta roƙi a maimaita mata, ko Hausarta ce ta gaza. Gwaggo ta ce ita ma da aka haifa a Dogon Dutsi, tsakiyar Hausawa, ba ta gane ba. Sai na shiga bayani. Na taso daga wa'azin fasto, na bi ta kan rediyo da tuwo, na faɗa kan zanena, na tsaya sosai a kan maganar gishiri, ban numfasa ba har shayin da aka zuba wa baƙi ya huce. Ban taɓa ganin mutum yana shan faɗa yana murmushi kamar Iliya a ranar ba. Gwaggo ta gyara ɗaurin kallabinta, ta miƙe, ta dubi Hajiya.

"Ta warke," ta ce. "A raka ni bakin titi."

Niyyar dai ban yar da ita ba. Sai dai na koyi cewa in za ka gyara halinka a gidan da ba kai kaɗai ba ne, ka fara sanar da mutanen gidan. Yanzu duk ranar da zan yi zaman shiru sai na bi kowa na yi masa bayani dalla-dalla, abin da kan cinye mini safiyar gaba ɗaya.